Shin sautin da aka goge tas ya dace da faifan furog metal?

Ɗan Bagalam

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Akwai wata magana da ta hana ni sukuni kwana biyu, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka daɗe a harkar ɗaukar sauti, shi ya sa na kawo ta gabanku. Mu huɗu ne a nan Maraɗi: ni ina kaɗa gita, abokina yana riƙe da gitar bas, ɗaya yana kan ganguna, na huɗun kuma yana waƙa yana taɓa fiyano. Shekara biyu ke nan muna haɗuwa a wani ɗaki a unguwar Bagalam muna koyon kiɗan da ake kira furogiresif metal, ko furog a taƙaice, wato kiɗan gita mai nauyi wanda waƙa ɗaya takan kai minti 10 ko fiye, ana sauya ƙidayar bugu a tsakiyarta, a sauko daga tsawa zuwa sanyi, sannan a sake hawa. Na san masu sauraron irinsa ba su da yawa a garin nan, amma mu muna son sa har cikin zuciya.

Bayan babbar salla muka tara abin da Allah ya hore mana, muka ɗauki waƙoƙi 4 a wani situdiyo wanda mai shi ya fi sabawa da waƙoƙin biki da na soyayya. A daren da muka gama ya ba mu haɗi na farko, wato sautin kayan kiɗanmu da muryar waƙa da ya haɗa wuri ɗaya, wanda bai yi masa wani gyara ba illa daidaita ƙarfin kowace murya. Bayan mako uku ya kawo na biyu, kuma a nan ne kanmu ya rabu. A haɗi na biyu ana jin komai ɗaya bayan ɗaya, ƙarar ta ƙaru sosai, ya jera kowane bugun ganga a kan layin kwamfuta, ya musanya sautin gangunanmu biyu da wanda yake da shi a ajiye, ya kuma miƙe muryar mawaƙinmu. Mai bas ya ce sai yanzu muka yi kama da mutanen da muke sauraro. Mai ganguna ya ce shi bai ji kansa a ciki ba ko kaɗan. Ni kuma ina tsakiya, domin haɗi na farko shi ne yake tayar mini da tsigar jiki, amma idan aka zo wurin da muke gudu a kan ƙidaya bakwai sai komai ya cakuɗe kamar kunu, ba ka bambance gita da bas.

Tambayata ita ce, shin irin wannan kiɗa goge shi tas ne ya dace da shi, ko kuwa a bar shi da ƙurarsa? Nan da mako biyu ne za mu ba shi amsa.

Tsohon Mai Situdiyo

Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi shekaru ina wannan sana'a a Sabon Gari kafin ciwon baya ya zaunar da ni, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne kalmar gogewa da kake amfani da ita ta haɗa ayyuka guda uku waɗanda ba su da dangantaka da juna. Akwai raba wa kowane kayan kiɗa wurinsa don a ji shi, akwai gyara hannun makaɗi da kwamfuta, akwai kuma matse sauti don ƙara ta ƙaru. Na farkon wajibi ne a kanku, na biyun abin shawara ne, na ukun kuwa shi ne wanda ya fi ɓata fayafayai a wannan zamani.

Dalilin da ya sa na ce na farkon wajibi ne yana cikin kiɗan kansa. Tsirkiya mafi kauri ta gitar bas mai tsirkiya 4 tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, ta gita mai tsirkiya 8 kuma, irin wadda ƴan wannan salo suke so, kusan sau 46. Babbar gangar ƙafa ita ma a wannan yankin take zaune. Abu uku ke nan suna cunkushe a ɗaki ɗaya, kuma ga shi kuna gudu, kuna sauya ƙidaya. Idan mai haɗi bai rage wa gita ƙasanta ya bar wa bas ba, bai kuma fito da ɗan tsinin bugun gangar ƙafa daga sama ba, to duk wahalar da kuka sha ta wata da watanni kuna haddace ƙidaya bakwai ta tafi a banza, domin mai sauraro gurnani kawai zai ji. Wannan shi ne kunun da kake magana a kai. Akwai sanannen misali a faifan ƙungiyar Metallica na 1988, ...And Justice for All, wanda waƙoƙinsa dogaye ne masu sarƙaƙiya, amma aka danne bas ɗin Jason Newsted har kusan ba a jin sa, kuma shekara fiye da 30 ke nan masu sauraro ba su daina ƙorafi a kai ba.

Batun musanya ganguna kuwa tsohuwar gardama ce, kuma mai gangunanku ba shi ne na farko da ya ji zafinta ba. A faifan ƙungiyar Dream Theater na 1992, Images and Words, wanda David Prater ya jagoranci ɗaukarsa, an sa na'urar da take fitar da sauti iri ɗaya duk lokacin da aka bugi ƙaramar gangar tsakiya. Mai gangunansu, Mike Portnoy, ya sha faɗa a fili cewa bai so hakan ba, domin bugun da ya yi a hankali da wanda ya yi da ƙarfi duk sun fito daidai wa daida. Amma kuma wannan faifan ne ya fito da su duniya, saboda haka ba zan ce maka musanyawa haramun ce ba. Abin da zan ce shi ne ka duba abin da ake asara. Makaɗi nagari yana da ƙananan bugu da yake sakawa tsakanin manya, waɗanda ba a cika lura da su ba sai an cire su, kuma su ne suke sa jiki ya motsa. Ka tuna da mai kalangu: idan ya matse tsirkiyoyin a hammatarsa sai muryar ta hau, idan ya saki ta sauka, kuma a wannan hawa da saukar ne kalangu yake magana. Da za a ɗauki bugu ɗaya mafi daɗi a maimaita shi sau dubu, da an sami tsabta, amma da kalangun ya zama bebe.

Na uku shi ne matsewa. Ana danne wuraren da sauti ya yi tsini, sannan a ɗaga gaba ɗayansa, sai ya zama sanyi da tsawa duk ƙarfinsu ɗaya. Ga waƙar biki mai minti huɗu wadda ake so ta danne hayaniyar taro, wannan yana da amfani, kuma ina kyautata zaton abin da hannun mai situdiyonku ya saba da shi ke nan. Ga waƙa mai minti 12 wadda ginshiƙinta shi ne a sauko a sake hawa, kashe ta ake yi, domin idan wurin sanyi ya riga ya kai rufi, tsawar ba ta da inda za ta hau. Ƙungiyar Rush ta Kanada ta fitar da Vapor Trails a 2002 da irin wannan matsewa har sautin yana fashewa, kuma a 2013 sai da aka sake haɗa shi gaba ɗaya a hannun David Bottrill. A 2008 ma haka ta faru da Death Magnetic na Metallica, inda masu sauraro suka gano cewa waƙoƙin da aka saka a wasan kwamfuta na Guitar Hero sun fi na kan faifan daɗin ji saboda ba a matse su haka ba. Yanzu ma ribar ƙarar ta ragu, tunda dandalin sauraron waƙoƙi na Spotify yana daidaita ƙarfin waƙoƙi zuwa kusan 14 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira LUFS, wanda ya wuce nan a rage shi. Mutum ya lalata waƙarsa don ta fi ta kowa ƙara, sannan a mayar da ita daidai da ta kowa.

Baƙon Zariya

Kawu, na karanta bayaninka kuma na ƙaru, amma ina ganin ka yi wa haɗi na biyu sassauci. Ni ɗan Agadas ne, kasuwanci ya kawo ni unguwar Zariya ta nan Maraɗi, kuma na tashi a gaban gitar biki, inda ake jona tsohon amfili a janareto, lasifika tana kuka, ƙura tana tashi, amma ba wanda yake iya zama a kujerarsa. Wannan sautin ne mutanen waje suka ji suka biyo mu har gida. A 2011 kamfanin Sahel Sounds ya fitar da tarin waƙoƙin da aka kwaso daga katin salular mutane, sautin da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har ya sha jiki, kuma ta wannan hanyar ce da yawa suka fara jin Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan Nijar. Ba wanda ya ce sai an goge kafin ya saurara.

Kuma ba a gita kaɗai ba ne. Gangar gargajiya ana gitta mata zare a kan fata don ta riƙa zuga, garaya ana ɗaura mata ɗan ƙarfe mai zobba don ya riƙa kaɗawa tare da tsirkiya. Kakanninmu da gangan suke ƙara wa sauti ƙaiƙayi, domin a kunnensu sautin da ba shi da shi bai cika ba. To don me yaran Bagalam za su kashe kuɗinsu su yi kama da ƙungiyar Suwidin ko ta Amurka? Waɗancan sun fi su kayan aiki, kuma akwai dubbansu masu sauti iri ɗaya a intanet. Abin da ɗan'uwanmu yake da shi wanda ba su da shi, shi ne ɗakin nan da hannun mai gangunansa. Ni shawarata ita ce ku ɗauki haɗi na farko ku fitar da shi yadda yake.

Ƴar Ali Ɗan Sofo

Yayana na Zariya, ina girmama ra'ayinka, amma ban yarda da ƙarshensa ba. Ni ba makaɗiya ba ce, ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma irin wannan kiɗan nake sakawa a kunne idan ina bitar karatu da dare. Kiɗan Agadas da ka kawo misali da shi yakan tsaya a kan zagaye ɗaya yana maimaitawa yana ƙara zafi, saboda haka ko lasifika tana kuka, jiki ya riga ya kama inda aka dosa. Furog ba haka yake ba. Gita tana iya bin ƙidaya bakwai, ganga tana riƙe da huɗu, su rabu su yi nisa, sai can su sake haɗuwa a bugu ɗaya, kuma daɗin yana wurin jin wannan haɗuwar. Idan ban ji kowannensu daban ba, ba abin da ya rage mini. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kai, wato inda za a saurari wannan faifan. Yawancinmu a ƴar lasifikar salula za mu ji shi, ko a ƙaramin akwatin Bluetooth a fada ana dafa shayi, kabu-kabu suna wucewa. Waɗannan na'urori ba sa fitar da ƙasan sauti, saboda haka haɗin da ba a gyara ba, wanda yake da daɗi a manyan lasifikun situdiyo, a waya yakan koma hayaniya zalla. Kuma su ma mawaƙan arewacin Nijar ba su ƙi situdiyo ba da suka samu dama. Faifan Mdou Moctar na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, cike da na'urar miƙe murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, Bombino, makaɗin gita na Agadas, kuma har Nashville ta Amurka ya je ya ɗauki Nomad na 2013 a hannun Dan Auerbach.

Faifan da nake so yayana na Bagalam ya saurara da kyau kafin ya yanke shawara shi ne Blackwater Park na ƙungiyar Opeth, na 2001, wanda Steven Wilson ya taimaka wajen ɗaukarsa. A can gitar katako mai sanyi da gitar lantarki mai tsawa suna zaune a waƙa ɗaya, kowacce ana jin ta sarai, amma ban taɓa jin kamar na'ura ce take kiɗan ba.

Ɗan Bagalam

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na karanta wa sauran abin da kuka rubuta, muka sake sauraron haɗin biyu a wayar mai bas, kuma gaskiyar ƙanwata ta fito, domin a waya haɗi na farko ba ya sauraruwa. Amma da muka kai wurin da fiyano yake shi kaɗai a waƙa ta uku, sai muka lura cewa a haɗi na biyu ƙarfinsa ɗaya ne da na wurin da dukkanmu muke shigowa, wato abin da Kawu ya bayyana. Mai gangunanmu kuma ya nuna mana wurare biyar da yake jinkirta bugu da gangan kafin a koma farkon zagaye, duk an miƙe su.

Kawu, abin da nake tsoro shi ne yadda zan tunkari mutumin nan. Ya girme mu, ya kwana uku ba barci a kan aikinmu, kuma bai karɓi kuɗi mai yawa ba. Ta yaya zan ce masa ya warware wani sashe ya bar wani ba tare da ya ga mun raina wahalarsa ba? Sannan idan aka mayar da gangunanmu na asali, shin kunun ba zai dawo ba? Makirfo huɗu kawai aka sa musu.

Tsohon Mai Situdiyo

Ƙanena, zuwa da kai ya fi saƙo. Kada ka tura masa jerin ƙorafi ta WhatsApp, ku je ku huɗu ku zauna tare da shi, ku fara da gode masa a kan rabon wurin da ya yi wa gita da bas, domin wannan shi ne aiki mafi wuya kuma ya iya shi. Ku tafi da waƙa ɗaya ko biyu daga fayafayan da kuke so, ku saurara tare a lasifikunsa. Mai sana'a ya fi saurin fahimta ta kunne fiye da ta baki, kuma mai yiwuwa ne bai taɓa jin irin wannan kiɗan an haɗa shi da kyau ba. Abu ɗaya da za ku kiyaye shi ne, duk lokacin da za ku gwada haɗi biyu, ku rage mai ƙarar har su zo daidai, domin kunnen ɗan Adam yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, kuma ina zargin wannan yana cikin abin da ya ja hankalin mai bas ɗinku.

Game da ganguna, ba sai an zaɓi ɗaya an jefar da ɗaya ba. Makirfo huɗu sun isa idan biyun da suke sama sun kama ɗakin da kyau. A mayar da sautin asali ya zama shi ne a gaba, a bar na ajiyen a ƙarƙashinsa kaɗan, musamman a gangar ƙafa, inda ake bukatar tsini a lokacin gudu. Ƙaramar gangar tsakiya kuwa a bar ta ta makaɗin ce, da ƙananan bugunta. Jerawa a kan layi a cire ta gaba ɗaya, sannan mai gangunanku ya zauna kusa da shi ya nuna masa da yatsa wuraren da kuskure ne na gaske, a gyara waɗannan kaɗai, a bar biyar ɗin nan da ya jinkirta da gangan. Idan akwai wurin da kuskuren ya yi yawa, ku sake kaɗa shi, ya fi a ɗinke shi.

Ɗana na Zariya yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma manyan wannan salo sun bi ta kansa. Meshuggah ta Suwidin, wadda ba a kai ta ƙidaya mai wuya, ta fitar da Catch Thirtythree a 2005 da gangunan kwamfuta zalla, duk da cewa tana da Tomas Haake, wanda ake lissafa shi cikin gwanayen ganguna na metal. Amma a 2016 suka tafi situdiyon Puk a Danmak suka ɗauki The Violent Sleep of Reason suna kaɗawa tare a lokaci ɗaya, don su dawo da numfashin da suke ji a dandali. Mutanen da suka mallaki kowace na'ura ne suka koma neman abin da ku kuka samu a daren farko.

A matakin ƙarshe ku roƙe shi ya sassauta matsewar har wurin fiyano na waƙa ta uku ya sauka ƙasa yadda kuka kaɗa shi, sannan ku gwada a wuri uku: lasifikunsa, salula, da rediyon mota. Idan za ku tura wa juna, ku tura a matsayin fayil, kada a ɗauka da makirfon waya. Ku fara da waƙa ta uku ita kaɗai, idan ta zauna sai a bi da sauran a kan tsarinta. Ni ina gida bayan la'asar kusan kullum, idan kun gama ta ku kawo mini in ji.